Ragowar Tara a Carbin Inna

Da sunan Allah, wanda cuta da sauƙi duk a hannunsa suke. Na zauna rubuta wannan ne saboda mata irina da ke aure a London, mu da tun shigowar kuɗin man fetur muka koyi aika wa iyayenmu tikitin jirgi su zo su taya mu raino. Ku kawo su, ban hana ba. Amma ku ji abin da ya sami mahaifiyata a hannuna, ni 'yarta ta cikinta, wadda na yi makaranta har na koyar da 'ya'yan wasu.

Maigidana, Baban Nura, ma'aikacin gidan rediyo ne can wajen Aldwych, muna zaune a Woolwich, a ɗakuna biyu a saman shagon wani mai gyaran takalma. Da cikina na biyu ya tsufa ya ce a ɗauko Inna daga Zariya ta yi min wankan jego, don a haihuwar Nura ni kaɗai na yi fama, na kuwa ji jiki. Inna ta sauka farkon sanyi da gero, da kanwa, da yaji, da daddawar da ta sa mutanen jirgi suka san da zamanta. Mace ce da ba a gardama da ita. A unguwarmu in an yi musu kan shekarar da wance ta haihu, ko ranar da aka ga wata, wurinta ake zuwa, abin da ta faɗa shi ke nan. Ni ce autarta, kuma Auta take kirana har yau.

Na haihu lafiya, Inna ta kama aiki. Ruwan famfonmu bai kai zafin da take so ba, sai ta tafasa a manyan tukwane ta riƙa ɗauka zuwa banɗaki safe da yamma. Ba a jima ba ta fara cewa ƙeyarta na sara. Sai kunne ya fara yi mata ƙara, sai ta ce tana ganin wasu ɗige-ɗige na yawo a idonta. Na ce hayaƙin hita ne, irin mai kananzir ɗin nan da muke kunnawa. Na ba ta asfirin, ita kuma ta ƙara da jiƙon kanwa. Baban Nura ya ce, “Ki yi mata booking wurin GP, likitan unguwa, mana, wannan ciwon kan ya yi yawa.” Na ce a bari a yi arba'in tukun. Gaskiyar magana daɗi nake ji. Shekara da shekaru ban kwanta an dama min kunu an kawo min har gado ba, ban so wani likita ya ce Inna ta huta.

Saura kaɗan a yi arba'in ɗin, da safe, ta miƙo min kofin kunu sai ya suɓuce. Na ɗago zan yi mata tsiya, na ga bakinta ya karkace, idonta na dama ya sauka. Ta buɗe baki, abin da ya fito ba magana ba ne. Mai gyaran takalma ne ya kira motar asibiti, Allah ya saka masa. A can muka zauna a benci tsakanin masu karaya da 'yan maye, jaririya na kuka a bayana, Inna a kan gadon turawa mai taya an jingine ta da bango. Sai bayan azahar wani likita ya zo. Ya ce hawan jini ne ya daɗe yana cinta har jijiya ta fashe a ka, ɓarin dama ya shanye. Ya tambaye ni ko ba ta taɓa kukan ciwon kai ba. Na ce ta ɗan yi.

Makon farko ba ta san inda take ba. Cikin mako na biyu ta farfaɗo, aka mayar da ita babban ɗakin mata, gadaje jere hagu da dama. Ni kuma na shiga zirga-zirga. In bar yara wurin maƙwabciyata, in hau bas, in yi awa biyun da aka yarda, in dawo nono ya cika yana zuba. Ofishin asibitin suka ce tunda baƙuwa ce ba mazauniya ba, gadon ma biya za a yi. Baban Nura ya riƙa karɓar aikin Asabar da Lahadi, bai taɓa yi min gori ba, shirun nasa kuma ya fi gorin damun raina.

A gadon da ke hagun Inna akwai wata tsohuwa Ba'indiya, cikin waɗanda aka koro daga Uganda, zuciya ce ke damunta. Sunanta Shanta, amma da bakin Inna ya fara buɗewa sai ta mayar da ita Shatu, aka kuwa tafi a haka. Babu yaren da ya haɗa su. Abin da ya haɗa su carbi ne. Duk sanda na shigo sai in tarar da su kowacce baki na motsi, Inna na jan nata da hagu tunda dama ta mutu, Shatu na jan nata a ƙarƙashin mayafi. Durowa ɗaya ce a tsakanin gadajen, nan suke ajiyewa in za a gyara shimfiɗa.

Jan Shatu daban ne. Da babban yatsa da na tsakiya take ja, manuniya kuwa ta ware ta gefe kamar mai tahiyar da ba ta ƙarewa. Inna ta nuna min da haɓa, ta yi dariyarta ta farko tun faɗuwarta, da rabin baki. Na tambayi 'yar Shatu, Nila, wadda ke aiki a kamfanin wanki tana zuwa da yamma a gajiye. Ta ce su mala suke kiransa. Suna ɗaya na abin bautarsu mamanta take maimaitawa, ɗa ɗaya suna ɗaya, har zuciya ta daina guje-guje ta zauna wuri guda. Manuniya ba ta taɓa shi don ita ce yatsar nuna mutane da zargi. In an kai babban ɗan da ke kai kuma ba a tsallake shi, matsayin malami yake, sai a juya a koma ta inda aka fito. Ba ya taɓa ƙasa. Na fassara wa Inna, ta gyaɗa kai ta ce, “Ladabi.”

Masu dubiya suka yi ta zuwa, kowa da maganinsa. Wannan ta ce zuma da habbatus sauda, waccan ta ce a shafa man shanu da tafarnuwa a ɓarin da ya mutu. Yaya Sani ya bugo waya daga gida yana ihu cikin ƙarar layi, wai iska ce ta buge ta a banɗakin Turawa, a sako ta a jirgi. Wadda ta fi kowa zuwa ita ce Hajiya Balaraba, matar wani babba a ofishin jakadancinmu, mai kirki ce, kullum da farfesu, sai dai bakinta ba shi da birki. Ta dubi Shatu ta ce min, “Ke yanzu kin yarda an ajiye tsohuwa kusa da mai tsafi? Ki ce su yi mata transfer.” Ban kare Shatu ba.

Shatun ce ma aka ɗauke. Wata rana cikin mako na uku na zo na tarar ana haɗa kayanta, za a kai ta wani asibiti can arewacin gari a yi mata aiki. Masu gadon turawa na tsaye suna duba agogo, Nila ta rasa inda za ta kama. Na taya ta. Na kwashe abin da ke kan durowa, mataji, man shafawa, carbi, na tura a jakarta. Duka biyun na icen sandal ne, duka sun yi duhu don shan hannu, duka da jan tuntu a kai. Ni hankalina na kan bas ɗin da zan kama. Shatu ta haɗa tafukanta ta sunkuyar wa Inna da kai, Inna ta ɗaga mata hagu, aka tura ta.

Washegari Inna ta miƙo min carbin ta ce, “Ba... nawa.”

Na ce, “Naki ne mana, Inna.”

Ta girgiza kai. Ta lalube shi da yatsu, ta kai shi kusa da ido, amma idon bai dawo daidai ba tun ciwon. Ta sake cewa, “Ba nawa.”

In yi wa kaina adalci kaɗan: ranar da ta wuce ta kira ni da sunan yayarta da ta rasu tuntuni, ta nemi cokali alhali mataji take nufi. Likita ya riga ya gaya min haka ciwon yake, kalmomi na musanya wuri. Amma carbin nan tun ina goye yake hannun Inna, daga Makka mahaifinta ya kawo mata. Da na karɓa na dube shi sau ɗaya da na ga babu 'yan alamar nan da ke raba talatin da uku. Ban duba ba. Na naɗe mata shi a hannu, na ce, “Naki ne, wanda Malam ya kawo miki. Ki kwanta ki huta.” Nas ɗin da ke wucewa ta dafa kafaɗata ta ce, “She's a bit confused, love.” Na ce mata yes.

Kalmar nan, confused, ita ta zauna mana. Inna ta yi ta maganar carbin kwana biyu ko uku, ina ba ta amsa ɗaya, daga nan ta daina. Na ɗauka ta sauko. Ashe lissafi ta shiga. Sai in zo in same ta tana ja, Subhanallahi talatin da uku, Alhamdu lillahi talatin da uku, Allahu akbar talatin da uku, ta tsaya, yatsunta su ci gaba da lalube, ga 'ya'ya nan sun rage kafin kai. Ta koma farko. Ta sake. Gumi ya keto mata cikin sanyin nan. In ce, “Inna, ki bar shi haka, Allah ya san niyya.” Ba ta ko kallona.

A wannan makon aka turo wani likita ya gwada hankalinta, ni ce tafinta. Ya tambayi sunan shugaban ƙasar nan, ina Inna za ta san shi. Ya ce wane wata muke ciki, ta ce, “Cika-ciki.” Daidai ta faɗa, watan Muharram ne. Ni kuma kaina ya yi nauyi don rashin barci, maimakon in ce masa watanmu na Musulunci take nufi, sai na juya masa kalmar yadda take, na ce ta ce watan cika tumbi. Ya dube ta, ya yi rubutu. Da ya fita Inna ta ce, “Auta, mene ne kamfus?” Ta ji ana ta maimaita shi a kanta. Na ce gajiya ce. Hajiya Balaraba na zaune tana zuba farfesu, ta ce, “A'a, ki gaya mata gaskiya. Wai kin ruɗe, Inna. Amma ba komai, tsufa ne.”

Daga ranar Inna ta saki jiki. Mai koya mata tafiya ta zo, ta juya fuska bango. Abinci sai an yi da gaske ta karɓi cokali biyu. Sallar da take yi a kwance da ishara ita ma ta bari, na yi mata magana ta ce, “In carbi ya gagare ni, raka'a fa?” Wata rana ta riƙe bakin mayafina ta ce, “Wanda kansa ya tafi... ana rubuta masa?” Na shiga banɗakin asibitin na yi kuka, na wanke fuska na fito, duk da haka bai zo min in ƙirga carbin ba. Babbar nas ta ce a ɗauke shi tunda tayar mata da hankali yake yi. Na ɗauke, na jefa shi a jakata tare da tikitin bas da fil ɗin nafkin jaririya.

Cikin mako na biyar likitan ya kira ni da Baban Nura. Ya ce jikin zai iya farfaɗowa amma ita ta ƙi, jirgi ba zai ɗauke ta a haka ba, gidanmu kuma matakala. Akwai wani asibiti bayan gari na tsofaffin da hankalinsu ya gushe, can ya ga ya dace a kai ta. Baban Nura ya ce sam. Ni ce na ce a ba mu mako guda mu yi shawara. Na gaji, nonona ya fara ƙafewa, Nura ya daina yi min magana da Hausa don fushi. A bas ranar na kama kaina ina lissafin yadda zan huta in an kai ta.

Kafin makon ya cika Nila ta shigo ɗakin, cikin fararen kaya, ba ɗan kunne ba awarwaro. Shatu ba ta tashi daga aikin da kyau ba, ta yi ta jinya, jiya ta cika. Ta zaro wani farin hankici a ninke ta buɗe. Carbin Inna ne.

Ta ce tun safiyar farko mamanta ta gane. Ta yi ta cewa a mayar, a karɓo nata, Nila ta ce sai an gama aikin, asibitocin biyu nesa suke da juna ga kuma kamfani ba ya ba da hutu. Tsohuwar ta ƙi jan na Inna, ta ce addu'ar wata ce a jikinsa, bai kamata ta ɗora tata a kai ba. Ta naɗe shi ta sa ƙarƙashin matashi don kada ya faɗi ƙasa, ta koma ƙirga sunan da gaɓoɓin yatsunta. Haka aka shiga da ita ɗakin aiki hannu wofi, ita da ta fito daga Kampala da akwati ɗaya da wannan mala ɗin. Jibi za a ƙone gawar yadda suke yi, Nila na so a sa mata shi a wuya.

Na buɗe jakata a gabanta, na tono shi daga ƙarƙashin tarkace, gashin mataji ya naɗe a tuntun. Na ce mata ni ce na sa a jakar ranar nan. Ta ce ba komai, ita ma ai ba ta duba ba. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi. Na shimfiɗa su biyun a kan bargo, ko yaro zai ga bambancin, ɗaya ya fi tsawo, ɗaya da alamominsa biyu.

Inna ta miƙa hannu ta ɗauki nata. Ta fara ja, a hankali, muna tsaye. Yatsanta ya ci karo da alamar farko daidai inda bakinta ya sauya, haka ta biyu, ta kai ƙarshe lissafi da carbi suka ƙare tare. Ta rufe ido ta cika da La'ilaha illallahu. Sannan ta ce, “Na Shatu... nawa ne?”

Na tambayi Nila. Ta ce ɗari da takwas, kowane mala haka yake.

Inna ta ce, “Tara.” Ta numfasa. “Kullum tara ke ragowa. Ba takwas ba, ba goma ba. Na ce a raina, wanda ya ruɗe ai ba zai riƙa ɓata iri ɗaya kullum ba.” Maganar na fita da ƙyar, amma ba kalmar da ta kauce. “Sai na ce, to amma Auta ta ce nawa ne. Auta ta yi karatu, idonta biyu lafiya. Na fi yarda da ke a kan kaina.”

Ba da faɗa ta faɗe shi ba. Na durƙusa a gefen gadon na ce ta yafe min, ta ce in tashi mutane na kallo. Ta karɓi na Shatu, ta cire gashin da kanta, ta miƙa wa Nila, ta ce in gaya mata ta yi haƙuri da hagu, ita ta rage mata, kuma Allah ya ba su haƙurin rashi, maƙwabciyar kirki ce. Da Nila ta tafi ta ce a ba ta ruwa ta yi alwala, sannan ta tambaya ko akwai sauran farfesun Balaraba.

Washegari na tare likitan na bayyana masa komai, har da watan da na fassara masa a karkace. Ya saurara, ya sake gwada ta, maganar asibitin bayan gari ta mutu. Inna ta koma wurin mai koya tafiya, cikin 'yan makonni ta fara takawa da sanda. Baban Nura ne ya goya ta ya hau da ita matakalar gidanmu, tana ta cewa ya sauke ta, wannan abin kunya har ina, suruki ya goyi suruka. Da zafi ya shigo Yaya Sani ya zo ya tafi da ita.

Ina godiya ga nas-nas ɗin nan, sun wanke ta sun juya ta ba ƙyama, ko da yake kalma ɗaya suke liƙa wa duk tsohuwar da ba ta jin Turanci. Ina godiya ga Hajiya Balaraba da farfesunta, Allah ya sa wa bakin linzami. Ku kuma 'yan'uwa, in tsohuwa ta ce ƙeyarta na sara, a auna jininta ranar, kada a jira arba'in, a kuma raba ta da kanwa. In ciwo ya taɓa harshenta ta ce muku abu kaza ba haka yake ba, ku tashi ku duba kafin ku ba ta amsa. Duba ɗin bai kai minti ɗaya ba.

Hannun dama bai dawo ba, amma tana tafiya har gidan maƙwabta, hankalinta kuma garau, kowa ya shaida. Watan jiya wani ɗalibi ya taho mana da kaset daga gida, an ɗauki muryar kowa. Da aka zo kanta ta gaishe mu ɗaya bayan ɗaya, ta tambayi haƙoran jaririya, ta ce an yi ruwan farko ranar Talata, da yamma, bayan la'asar. Na ji ta juya ga wani a gefe, wata jikarta ce da ba ta wuce shekara bakwai ba, ta rage murya ta ce, “Talata ce ko? Ban ɓata ba?”